Daminar da Na Koya wa Duna Kwanciya

Yau kwana huɗu rana ba ta leƙo Batsari ba. Marka ce irin wadda ke jiƙa gishiri a cikin gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, gwiwoyin tsoho su tashi da ƙorafi tun kafin mai su ya tashi. Ina zaune a bakin ɗakin da nake haya, ba gona, ba dabba, sai kallon ruwan indararo. Mutumin da ya shekara hamsin yana duban sama don ya san ranar shuka, yau yana dubanta don ya san ko zai shanya riga. Haka Allah Ya so, haka kuma mutanen daji suka so, tunda su suka tashe mu daga ƙauyenmu.

Mai gidan da nake ciki, Malam Kabir, malamin firamare ne. Yaron kirki ne, sai dai yana da kare. Bara ya sayo shi saboda halin da ake ciki, ya ɗaure shi da sarƙa a gindin tankin ruwa, kuma tun ranar karen bai san wata duniya ba sai inda sarƙar ta tsaya. Shekaranjiya na iske Malam ya tsuguna yana dandaƙa wani abu a kan dutse. Da na leƙa sai na ga gidan rina ne, da 'ya'yan a ciki.

Na ce, "Malam, mi za a yi da wannan?"

Ya ce, "Baba Iro, an ce in an zuba wa kare a abinci yana ƙara masa zafi."

"Wa ya ce?"

"Haka dai ake faɗi."

Haka ake faɗi. Haka aka faɗa wa yayana Rabe shekara talatin da wani abu da suka wuce, a ƙauyenmu da ke yamma da Runka, dab da bakin dajin Rugu.

Lokacin babanmu bai daɗe da rasuwa ba, gandu ya koma hannun Yaya Rabe. Gida ɗaya muke, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya: Inna mahaifiyarmu, Yaya da iyalinsa, sai ni da matata Hinde, daga baya aka haifa mana 'yarmu ta fari, Binta. Babbar gonarmu tana gindin dutse, inda daji ya fara. Ƙasa ce mai kyau, amma da birai muke raba ta. Da gero ya fidda kai sai su sauko garke guda, su karya, su ɗanɗana, su yar, su karya wani. Don su Yaya ya samo ɗan kwikwiyo baƙi wuluk mai ɗan fari a ƙirji, ya sa masa suna Duna.

Yaya ya ce shi ba ya son karen da zai riƙa kaɗa wa mutane wutsiya. Ya yanke masa kunnuwa da aska, ya soya guntayen ya ba shi ya ci, wai don ya san ɗanɗanon jini. Ni na riƙe shi ranar. Har yau ina jin yadda zuciyarsa ke bugawa a tafin hannuna. Daga nan sai rina a cikin kunu, sai barkono, sai ɗauri a ƙarƙashin rumbu tun safe har yamma. In Yaya ya wuce sai ya zungure shi da sanda don ya yi gurnani, in ya yi sai Yaya ya yi dariya ya ce, "Yawwa, namiji." Ya hana kowa ya kira sunansa da daɗin rai.

Abin da aka shuka kuwa ya fito. Kafin Duna ya shekara biyu ya tsinke igiya uku, aka gaji aka bar shi sake. Ya kama zaure ya mai da shi nasa, ba mai shiga ba mai fita sai ya ga dama. In Inna tana kwashe tuwo sai ya zo ya tsaya a kanta, gashin bayansa a miƙe, ba zai gusa ba sai ta jefa masa malmalar farko. Tsohuwar da ta haife mu, ita ke ba kare kafin ta ba 'ya'yanta. Shi kansa Yaya da sanda yake shiga gidansa, yana ta cika baki wai karensa ba ya raina kowa. Ni dai abin da na gani, mun zama baƙi a gidan ubanmu, kare ne mai gida.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, don haka tun tsakiyar bazara muka fara jin ƙwarya tana karta gindin rumbu. Zafi kuwa ba a magana. Ƙasa ta tsage, rijiyar unguwa ta koma sai an jira ta tara, guga ya fito da rabin ruwa rabin laka. Da rana tsaka ko kaji ba sa kiwo, sai su buɗe baki su kwanta a gindin randa.

A cikin wannan zafin ne masu sayen karnuka suka fara zuwa mana. Baƙi ne daga can kudu, su biyu, da a-kori-kura cike da kejin waya, suna bin ƙauyuka ranar kasuwar Runka. Kowa ya san inda karnukan ke ƙarewa, ba mai faɗa ne kawai. Suna da wani dogon ƙarfe mai baki kamar awartaki da suke maƙure wuyan kare da shi. Suka ga Duna a zaure, babban cikinsu ya ce wannan ya yi. Yaya ya yi dariya ya ce in sun iya kama shi su ɗauka kyauta. Mutumin ya miƙa ƙarfen. Kafin ka ce me, Duna ya bi ta ƙarƙashinsa ya kama ƙafar wandonsa ya raba ta biyu har gwiwa. Da ƙyar ya haye mota. Yana daga sama yana haki ya ce wannan karen ba mahaluƙin da zai sa shi a keji. Unguwa ta yi mako tana dariya.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi, da ƙamshin ƙasar nan da ke sa mutum ya manta yunwa. Muka fita gaba ɗaya, Yaya da ni muna sara da sungumi, mata suna bi suna zuba iri suna takewa. Gero ya tsiro kore shar. Sai sama ta ɗauke. Muka yi ta duban gabas, hadari ya haɗo ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi. Kusan kwana ashirin haka, har shukar ta kanannaɗe ta ƙone muna kallo. Da ruwa ya dawo sai da muka ɗebi hatsin ci muka sake shuka. Inna ta tsaya a bakin rumbu tana kallon kowace ƙwarya da ke fita.

Ana cikin noman firi, wato noman farko, Duna ya yi aika-aikar. Wata mai tallan nono, surukar Baffa Manu, ta yi sallama ta shigo zaure kamar yadda ta saba yi a kowane gida. Bai yi haushi ba, bai yi gargaɗi ba, sai kawai ya kama mata sharaɓa. Ƙwaryar ta kife, nono ya malale a ƙasa ya gauraye da jini. Muna gona aka aiko.

Baffa Manu tsohon makiyayi ne, rugarsu tana bayan gonarmu, kuma abokin babanmu ne tun suna samari. Aka taru a ƙofar mai unguwa. Yaya ya ba da haƙuri, ya ɗauki nauyin magani. Mai unguwa ya yanke cewa in karen ya ƙara sa haƙori a jikin ɗan Adam, ko da wasa, a ranar za a kashe shi, ba sai an sake zama ba.

Yaya ya ce, "A kashe shi yanzu ma. Ni na gaji."

Na ce, "Yaya, birai fa? Shuka ta biyu ce a ƙasa, ba mu da ta uku."

Baffa Manu ya ce a kai shi ya ga karen tukuna. Da muka je bai shiga zauren ba. Ya tsuguna daga nesa, ya ba Duna gefen jikinsa, yana wasa da tsinke a ƙasa kamar bai san da shi ba. Duna ya yi gurnani, ya yi, ya yi, har ya rasa abin yi ya koma ya zauna. Sai tsohon ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

Ya ce, "Wanga kare ba mugu ba ne. Tsoro gare shi. Kun cika shi da tsoro, sannan kun ba shi gida ya riƙe, shi ko kare ne, bai iya riƙon gida ba. Ni da aka cuci surukata, ban ce a kashe shi ba. In akwai mai haƙuri a cikinku, ya zo in gaya masa abin yi."

Yaya ya dube ni ya ce, "To ga ka ga shi. Amma ka sani, ba a ƙara masa ko loma daga tukunya. Daga rabonka zai ci."

Na ce na ji. In ce don gona kawai na karɓa, na yi ƙarya. Kunnuwan nan guntaye suna tsaya mini a rai duk lokacin da na gan su.

Abu na farko da Baffa ya sa ni, in ajiye sanda. Na ce, "Baffa, in shiga wurin Duna hannu sake?" Ya ce, "Sanda ta kawo ku inda kuke." Sannan ya ce kada kowa ya ƙara ba shi abinci sai ni, kuma ba zai ci ba sai ya kwanta. Kada in zuba masa ido, kada in tsaya a kansa, kada in yi tsawa. In ya yi gurnani in ɗauke kaskon in tafi abina, in dawo an jima.

Faɗa da baki sauƙi gare shi. Ranar farko Inna ta kwashe tuwo a cikin ɗaki da ƙofa a rufe, Duna yana waje yana kartar ƙyaure. Na gutsuri rabin malmalata na sa a kasko, na fito. Na ce, "Kwanta." Ya yage baki ya nuna mini haƙora har dasashi. Na juya na koma ɗaki. Sau biyar muka yi haka. Ya kwana bai ci ba, ni ma rabin nan bai shiga cikina ba, yana cikin kasko yana kallona. Hinde ta ce, "Ku biyu dai kun sami abin yi, ga yunwa ga gardama."

Rana ta biyu da la'asar, ko gajiya ce ko yunwa, ya sauke gindinsa, sannan ya miƙe ƙafafun gaba, cikinsa ya taɓa ƙasa. Nan take na ajiye kaskon. Ya cinye ya ɗago ya dube ni, kallon da ba na faɗa ba, kamar mai tambaya, daman abin da ake so ke nan?

Daga nan muka shiga. Da asuba in na idar da salla sai in ɗaura masa igiya mu kama hanyar gona. Baffa ya ce kada in bari ya riga ni fita zaure, kada kuma ya ja ni. In ya ja in tsaya cik, sai igiyar ta saki mu ci gaba. Tafiyar da nake yi kafin rana ta ɗaga sai ga ni ina isa da hantsi, Yaya ya riga ya nome kunya goma yana ta mita. Amma karen da ya wuni yana zagaya gona, in ya dawo gida barci ne a gabansa, ba neman wanda zai tare ba. Na share masa wuri a gindin bishiyar bedin da ke bayan ɗakina, na raba shi da zaure. Na koya masa fito: in na yi sau ɗaya ya dawo, ko me yake bi.

Sai na fara jin kaina. Wata rana akuyar maƙwabta ta kasa, aka yanka, Duna ya samo ƙashi. Na ce bari in gwada in ga iyakar biyayyar. Na sunkuya a kansa na kai hannu zan ɗauke. Ban ga lokacin da ya juyo ba. Haƙora huɗu suka shige bayan hannuna na dama. Ya saki da kansa, ya ja da baya ya lafe a ƙasa yana rawar jiki, yana jiran sandar da ya saba.

Ba ciwon ne ya dame ni ba. Ba wanda ya gani, amma in maganar ta kai ƙofar mai unguwa, Duna ba zai ga magariba ba. Na naɗe hannun da gefen riga na shige ɗaki. Na ce wa Hinde hauya ce ta goce. Ta dafa ruwa da gishiri, ta kama hannun tana wankewa, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Hauyar nan taka haƙora huɗu gare ta."

Ta samo tsumma ta ɗaure mini hannun.

Ta ce, "In ya taɓa Binta, ni da kaina zan je wurin mai unguwa. Wannan kuwa hannunka ne, kai ka sani."

Ba ta gaya wa kowa ba har ta koma ga Allah. Baffa Manu kaɗai na nuna wa. Ya girgiza kai ya ce, "Kai ka yi laifi, ba shi ba. Wa ya ce maka ana ƙwace? Musaya ake yi. Ka nuna masa abin da ya fi, ka ce bari, in ya saki ka ba shi, sannan ka mai da masa ƙashinsa. Sai ya gane hannunka ba ɓarawo ba ne." Haka na yi ta yi da ɗan ƙanzo, har ya zamana ko me ke bakinsa in na ce bari sai ya ajiye mini a gaban ƙafa.

Muka gama maimai, muka yi huɗa, sai marka ta sauka irin ta yau. Gero ya yi tsawo ya yi duhu, ido yana ganin abinci baki ba ya samu. Rumbu ya ƙare ƙaf, Inna ta shiga da tsintsiya ta share gindinsa ta sheƙe. Girki ya koma sau ɗaya a wuni. Tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Dusar da a da ta awaki ce aka koma tankaɗe ta ana tuƙawa. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida, tufafi suna warin danshi. In ka sunkuya a gona ka ɗago sai ka ga duhu-duhu, sai ka dafa hauya ka jira duniya ta tsaya.

A haka nake raba ɗan abin da aka zuba mini biyu. Yaya yana gani ya kau da kai. Inna ta ce kaskon nan kada ya kuskura ya matso kusa da kwanukanta, amma sau biyu na kama ta tana zuba masa ruwan wankin tukunya mai ɗan kauri. Hinde ta daina zolayata. Nononta ya ja baya, Binta ta yi ta tsotsa tana saki tana kuka, har kukan ya koma ba murya, sai buɗe baki. Ina gani. Ba zan ce ban gani ba.

Shi kuwa Duna ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, amma ya zama wani kare daban. Hinde tana ajiye masa kasko ya jira sai ta ce ci. Inna tana tsallake shi da tulu a kai ko kunne, abin da ya rage na kunnen, ba ya motsawa. Birai sun fara leƙowa daga kan dutse. In na ce bi su sai ka ga baƙin abu ya keta cikin gero, in na yi fito ya dawo ya zauna yana haki, harshe waje.

Ranar da surukar Baffa Manu ta sake shigowa unguwa da ƙwaryarta, tana ɗan ɗingishi, ta tsaya nesa da ƙofarmu ta ƙi matsowa. Na ce ta shigo, a wuyana. Duna ya miƙe. Na ce, "Kwanta." Ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Ta wuce ta gabansa, zanenta har yana shafar hancinsa. Mai unguwa da kansa ya zo ya gani washegari, ya ce lallai Iro ka yi aiki. Wallahi ranar ji na yi kamar an ba ni sarauta. Na ce a raina shi ke nan, Duna ya tsira, saura mu ga tumu.

Saura kamar mako uku gero ya nuna, ranar kasuwar Runka, muna dawowa daga gona da azahar ana yayyafi, sai na hangi a-kori-kurar nan a ƙofar gidanmu. Kejin waya, karnuka a cunkushe suna ta kuka. Mutanen nan biyu suna tsaye da Yaya, wanda ya riga ni dawowa wai kansa na ciwo. A bakin zaure ga wani ɗan buhu a jingine, bakinsa a buɗe, jar dawa tana leƙowa.

Yaya bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce, "Ban karɓi kuɗi ba. Na tambaya, an ce kuɗin kare haramun ne. Dawa ce suka ba mu, mu kuma mu ba su shi."

Ka ji fa. Wai dawa ce, ba kuɗi ba. Har yau ban manta wannan dabara ta Yaya ba.

Na ce, "Yaya, mako uku ya rage."

Ya ce, "Je ka gaya wa Binta ta jira mako uku."

Babban baƙon, mai wandon nan, ya sauko da ƙarfensa, ɗayan ya ɗauko kulki. Duna ya gane su. Gashin bayansa ya miƙe tun daga wuya har wutsiya, gurnanin da na yi wata biyu ban ji ba ya taso daga ƙirjinsa. Mutumin ya ja da baya ya ce shi fa ya san karen nan, in ba za a kama masa ba a mai da masa dawarsa, ko kuma su karya masa baya da kulki su ɗauka a haka. Mutane sun fara taruwa. Na san in ya kama ɗayansu, hukuncin mai unguwa yana nan. In bai kama ba, kulki yana nan.

Amma Duna bai yi tsalle ba. Da can da tuni ya yi. Yana gurnani, yana waiwayena, yana jiran in gaya masa abin da zai yi, kamar yadda na koya masa da rabin tuwona.

Yaya ya ce, "Iro, ka yi masa magana."

Na waiwaya. Hinde tana tsaye a cikin zaure da Binta a kafaɗa. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce kada in yi ba. Idonta yana kan buhun.

Na ce, "Duna, kwanta."

Ya kwanta a cikin taɓo. Na tsuguna na ɗaura masa igiyarmu ta zuwa gona, na ce wa mutumin ya mai da ƙarfensa mota. Muka taka tare har bayan motar, bai ja ni ba, bai riga ni ba. Na ɗauke shi, ba nauyi, zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna kamar ranar aska. Aka buɗe kejin. Na ce, "Shiga." Ya shiga. Ya juyo ya zauna yana kallona, yana kaɗa wutsiya, yana jiran ɗan ƙanzon da nakan ba shi in ya yi daidai. Ba ni da ko ƙwaya a aljihu.

Mai wandon ya rufe ya ɗaure da waya. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Kai, ka iya kare." Motar ta tashi. Sai da ta kai kwanar rafi na ji haushinsa, na kuma san da fito ɗaya zai yi ta dukan wayar nan har ya fasa bakinsa. Na cije leɓena.

Da yamma aka daka dawar, aka yi tuwo na gaske, mai tauri, da miyar kuka. Gida ya cika da ƙamshi. Aka ajiye mini malmala guda cur, ba wanda zan raba da shi. Ina so in ce na ture kwanon. Ban ture ba. Na cinye tas, na siɗe hannu, hannun nan mai tabo, kuma ya yi mini daɗi. Wannan ne abin da ban taɓa yafe wa kaina ba.

Kwana uku nonon Hinde ya dawo. Binta ta rayu, tana Safana yanzu da 'ya'yanta, ita ke aiko mini da ɗan abin da nake ci. Birai kuma suka gane ba kowa a gindin dutse. Muka yi ta wuni a gona muna jifa muna buga gwangwani, suna kallonmu daga kan reshe. Abin da suka karya a gonar nan ya ninka buhun baƙin sau ban san adadi ba. Yaya bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu, ni ma ban tayar ba. Dawar na yafe masa tun da daɗewa, yunwa ce. Abin da ya tsaya mini shi ne, ya san da ƙarfe da kulki ba za su iya ba, sai ya aro bakina.

Baffa Manu da ya ji, bai ce komai ba sai, "Da na sani da na bar shi da haukansa." Ban ƙara zuwa rugar ba sai ranar jana'izarsa.

Shekaranjiyan nan, na karɓe gidan rinar daga hannun Malam Kabir na watsa a kwata. Na ce masa ya kwance sarƙar nan ya riƙa fita da shi da safe, ya ajiye duka, ya ba shi abinci da hannunsa, kada ya ƙwace masa abu sai da musaya. Ya saurara da kyau, har da gyaɗa kai irin na malamai.

Ya ce, "Ashe Baba ka san kan abin. To ko za ka taimaka ka horar mini da shi? Kai kana gida kullum. Ni so nake in na ce kwanta ya kwanta."

Na dubi karen. Ja ne, ba baƙi ba, kunnuwansa cikakku. Ya jiƙe sharkaf a gindin tanki, ya daina haushi, ya karkata kai yana kallon bakina.

Na ce, "Wannan kalmar kai za ka koya masa, Malam. Ni na faɗe ta na gama."

Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Na koma ɗaki na sakaya ƙofa ina murza bayan hannuna. In marka ta yi, haƙoran nan huɗu sukan tashi da ƙaiƙayi.